Yarinyar da ake kira Kaset

Har na kai shekara tara, a gidanmu ba wanda ya ɗauka ina da wata matsala. Kunya aka ce ina da ita. Ba na kallon idon kowa, ba na tsoma baki a maganar manya, inda aka ajiye ni nan za a dawo a tarar da ni, ina jera marafan kwalba a gindin rijiya, ja da ja, kore da kore. Baƙi su zo su ce wa Umma, "Kai, wannan 'yar taki akwai natsuwa." Ita kuwa sai ta kau da kai, don ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa. A garin da ake koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, yarinyar da ba ta iya haɗa ido da mutane ta samu wurin ɓuya. Da a wata ƙasar aka haife ni, wataƙila tun ina shekara uku an kai ni asibiti an gano ina da otizim, larurar da ke wahalar da mutum wajen fahimtar mutane. A Kano, yabo na sha.

Abin da ya ƙi ɓoyuwa shi ne bakina. Magana ta zo min a makare, kuma da ta zo ba tawa ba ce. In aka ce, "Kina son kunu?" sai in ce, "Kina son kunu." Ina iya kawo tallar sabulu ta rediyo daga farko har ƙarshe da muryar mai tallar, har da inda yake jan numfashi. Sanarwar rasuwa ma haka, da jerin sunayen 'ya'ya da jikoki. Yaran layinmu suka raɗa min suna Kaset, ya kuma bi ni har ajin ƙarshe na firamare.

Ita Hausar kanta ita ce ta fi wahalar da ni, ni da aka haifa a cikinta. Maƙwabciyarmu ta taɓa ce min, "Ina gajiya?" na ce mata, "Tana ƙafata." Aka kwashe da dariya, na tsaya ina neman abin dariyar. Kakana na wajen uba, in ya gan ni sai ya ce, "Ga amaryata nan, yaushe za ki tare?" Kwana uku na yi ina kuka a bayan ƙyaure, na ɗauka an gama magana. Wata rana kuma ina wasa da moɗa a bakin randa, Umma ta ce, "Yawwa, ƙarasa zubar da shi duka, kin ji." Na tattara ƙarfina na kifar da randar, ruwan da aka saya a wajen mai garuwa da safen nan. Dukan da na sha bai yi min ciwo ba kamar rashin sanin laifina. Abin da aka ce in yi shi na yi. Sai da na girma na san sunan abin gatse.

A 1998 Baba ya shigo da bidiyo na hannu a cikin kwali. Muna da talabijin tun kafin nan, kuma CTV da NTA suna saka finafinan Indiya, amma abin talabijin in ya wuce ya wuce, kamar mutane. Shi bidiyo yana da maɓallin dawo da baya. Ban san yadda zan bayyana wa mai cikakkiyar fahimtar mutane abin da wannan maɓalli ya zame min ba. Duk rayuwata, fuska takan yi wani abu cikin ƙiftawar ido, kowa a ɗakin ya gane, a wuce, a bar ni a baya. Yanzu ga fuska ta cika allo, ba ta kallona, ba ta jiran amsata, kuma in na ce ta sake sai ta sake, sau goma, sau ashirin, ba ta gajiya ba ta tsaki.

Finafinan Indiya su ne ajina na farko. Ba mai jin Indiyanci a gidanmu, don haka da ni da matan gidan duk fuska muke karantawa, karon farko ke nan da na ji ba ni kaɗai nake lalube ba. Kuma su ba sa rowar alama. In mutum ya ji mummunan labari, kyamara za ta ruga kan fuskarsa, wani lokacin har sau uku, kiɗa ya buga kamar tsawa. In baƙin ciki ne, sarewa. In mugu ya shigo, kiɗan ma ya riga shi isowa. Na samu littafin rubutu na makaranta, ina zana baki da gira, ina rubuta fassara a ƙasa: baki a tsuke, haɓa tana rawa, kuka yana zuwa. Gefe ɗaya na leɓe ya ɗaga, raini. In aka ɗauke wuta sai in koma gaban madubin kabad ɗin Umma in gwada a fuskata.

Zanen baki ya fi na ido yawa a littafin nan, nesa ba kusa ba. Shekaru da yawa bayan haka na ji labarin wani bincike da Ami Klin da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Yale ta Amurka, aka wallafa a 2002. Sun nuna wa samari masu irin larurata wasu sassa na wani tsohon fim, na'ura tana bin inda idonsu yake sauka. Sauran mutane idon 'yan wasan suka fi kallo. Su kuwa samarin, baki suka fi bi, da jiki, da kayan da ke cikin ɗakin. Da na ji haka sai na tashi na lalubo littafin a ƙasan akwati, na zauna ina kallon leɓunan da yarinya 'yar shekara goma ta zana.

Fuska na samu a wajen Indiyawa, kalmomi kuma a finafinan Hausa. Lokacin ne harkar take tashe, shagunan haya a kowane lungu, sunan Kannywood ma a 1999 ya fito. A nan na ga yadda budurwa take durƙusawa ta gaida uban ƙawarta, da tsawon lokacin da take yi a ƙasa kafin ta miƙe. A nan na haddace cewa "Ina gajiya?" amsarta "Ba gajiya," ko da ƙafar tana zogi. "Ya haƙuri?" a ce "Da godiya." Gidan haihuwa "Barka da arziki, Allah ya raya." Na ɗauki dariyar wata 'yar wasa, mai sa bayan hannu a baki, na mayar da ita tawa. Har yau ita nake yi.

Kuma ba zan yi butulci ba, abin ya yi aiki. A sakandare na yi ƙawaye biyu. Malamai suka daina cewa ina da taurin kai. Sunan Kaset ya ɓace, alhali a lokacin ne na fi zama kaset ɗin, sai dai na koyi saka wanda ya dace da wurin. In zan shiga gidan mutane, tun daga soro nake zaɓar wadda zan zama.

Amma akwai abin da fim ba ya nunawa, kuma ban san ba ya nunawa ba. Na farko mai sauƙi ne: fim yana yanke zance. Baƙuwa ta yi sallama, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo ta, sai hoto ya koma wani gida. Ba a nuna yadda ake cika awa guda ana hirar da ba ta da kai, ba a nuna yadda ake tashi a tafi. Ni in layukana suka ƙare, ko dai in miƙe tsaye cak in fice ana tsakiyar magana, ko in zauna shiru har a kira magariba, masu gida suna ta "To, madalla," "To, a gaida su Umman," ni ina cewa "Za su ji," ina nan zaune.

Na biyun shi ne ya ci ni. Mai shirya fim dole ya sa mutane su faɗi abin da ke ransu, in ba haka ba mai kallo ba zai gane labarin ba. Uwar miji a fim, in ba ta son ki, za ta harare ki, ta nuna ki da yatsa, ta faɗa. A gidan Bahaushe kuwa rabin zance haɗiye shi ake yi. Kara, kawaici, alkunya, duk sunayen abin da ba a faɗa ba ne. Wato na shekara goma ina koyon zaman mutane a wajen malamin da sana'arsa ita ce faɗin abin da mutanena suke ɓoyewa.

An yi min aure a 2009, ina da shekara 21. Makon bikin kansa azaba ne: guɗa a cikin kunne, lasifika, turaren wuta iri biyar a ɗaki ɗaya, hannuwa suna ja na ta ko'ina, leshi yana cizon wuyana. Na duƙunƙune cikin mayafi ina rawar jiki, mata suna cewa, "Allah sarki, amarya mai kunya." Kunyar nan dai ta sake rufa min asiri, ta kuma sake hana a gan ni.

Gidan gandu aka kai ni, da Hajiya uwar mijina da facaloli biyu. Ba zan ce mugaye ba ne, don yanzu na san yadda na kasance a idonsu. In na zo karɓar tsintsiya, Hajiya ta ce, "A'a, bar shi kawai, ni na yi," sai in bar shi in koma ɗaki. Ta tambaye ni ko miyar da autarta ta yi ta yi daɗi, na ce gishiri ya yi yawa, don ya yi yawa. Wata facalar tana wanki tana cewa, "Wasu dai sai ci sai barci, kamar kasa," na leƙo na ce, "Su wa?" Da zuciya ɗaya na tambaya. Ita kuwa ta ajiye wankin ta ce ba a taɓa raina mata hankali irin na yau ba. Ina jin iskar gidan tana canzawa, kamar yadda ake jin hadari, amma ba kiɗan da zai gaya min wane irin yanayi ne, ba kuma maɓallin da zan dawo da jiya in duba inda na kauce.

Ranar da aka tara mu a falon Hajiya, wan mijina ya yi magana mai tsawo, ya rufe da cewa, "Sai ki ba Hajiya haƙuri, magana ta wuce." Abin da ake so ƙarami ne: in durƙusa, in sunkuyar da kai, in ce a yafe min, ko da hawaye kaɗan. Yau na sani. A ranar kuwa kaina ya ɗauki zafi, na shiga laluben ma'ajiyata: taron dangi, matar da ake zargi ba da laifinta ba. Na samu wurin da ya yi daidai. A fim ɗin, matar tana miƙewa tsaye, ta dubi surukarta ido cikin ido, ta jero gaskiyarta ɗaya bayan ɗaya, sai jikin kowa ya yi sanyi, surukar ta fashe da kuka ta nemi gafara. Na miƙe. Ni da ban taɓa iya kallon idon kowa ba, na kafe Hajiya da ido, don na koya cewa haka mai gaskiya yake yi. Na yi jawabin nan tsaf, har da ɗaga hannu a inda ake ɗagawa. Da na gama na tsaya ina jira.

Ba wanda ya yi kuka. Agogon bango kawai nake ji. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "To. Mun gode."

Na ɗauka godiyar gaske ce. Bayan mako guda takardata ta iso. Wata goma sha huɗu auren ya yi.

Da na koma gida, magana ta ɗauke min kusan gaba ɗaya. Ba fushi nake yi ba, kalmomin ne suka ƙi fitowa, don duk wadda na ɗauko sai in ji tsoron ita ma za ta fashe a hannuna. Na daina kallon komai. Dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce mutanen ɓoye. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya. Alƙur'ani waraka ne, ban taɓa musun wannan ba, kuma karatu a hankali yana kwantar min da rai har gobe. Amma shi da ƙaramar lasifika ya zo, ya kanga ta a kunnena. Na toshe kunne ina ihu, ya ce kun gani, ga shi nan yana ƙonewa. Ƙarar ce take ƙona ni, ba ni da bakin faɗa.

Goggo ce ta ɗauke ni, yayar Baba, mai ɗinki, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta san sunan wata larura ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wannan yarinyar ba aljani gare ta ba, a bar min ita." Ta zaunar da ni kan keke, ta ga layina ba ya karkacewa, ta ce to ga abincinki nan. Da daddare ita ce ta dawo da ni gaban talabijin, amma da sharaɗi: rimot a hannunta. Sai ana tsakiyar rigima ta tsayar.

"Kin ga abin da ta yi?"

"Ta faɗi gaskiya, Goggo."

"A fim ta faɗi gaskiya. A gidan mutane ta kashe aurenta. Ke da me za ki ce?"

Haka muka yi ta yi. Ita ta ba ni dokar tayi, wadda ba fim ɗin da ya taɓa ba ni: "In aka ce bismillah sau ɗaya, ki ce alhamdu lillahi. In aka sake, ki ce kin ƙoshi. In aka turo kwano gabanki aka buɗe aka sa cokali, to da gaske ake, ki ci, kada kuma ki cinye." Ita ta koya min cewa "Bar shi, ni na yi" daga bakin babba yana nufin yi sauri ki karɓa. Ita ta ba ni mabuɗin fita: "Bari in gudu, na bar aiki." Da Arewa24 ta fara a 2014, shirye-shirye masu dogon zango suka fi mana amfani, don a cikinsu mutane suna zama su yi hirar banza, su je kasuwa, su yi ciniki, irin tsakiyar zancen da finafinai suke yankewa. Bambancin dai ba a allon yake ba. Yanzu akwai mai ce min wannan gaskiya ne, wannan kuma wasa ne.

Sunan abin ya zo ne a 2018, kuma ba don ni aka je nemansa ba. Ɗan ƙanwata ya shekara uku ba ya magana sai maimaita waƙar katun, yana jera takalman gida a layi, in aka taɓa ɗaya ya yi ta kururuwa. Muka kai shi asibiti ni da uwarsa da Umma. Likita tana tambaya, Umma tana amsawa: "Ai ba komai ba ne, haka wannan ta yi," tana nuna ni da haɓa. Sau huɗu ta faɗi haka. A na biyar likitar ta ajiye biro ta dube ni, ni kuma ina kallon bakinta. Bayan wata biyu, da zama uku a wajen likitan ƙwaƙwalwa, da doguwar hira da Umma kan yarintata, aka ce min otizim ne. Ina da shekara 30.

A rediyo galahanga ake cewa, kuma kalmar ba ta kwanta min ba, don an mayar da ita buhun da ake zuba duk yaron da ya bambanta, ko mene ne ke damunsa. Shi ya sa ma ba wanda ya taɓa kawo ta a kaina: ina magana, na yi makaranta, na yi aure. Likitan ya ce abin mataki-mataki ne, yana bin jini, kuma an fi gano shi a maza, har kusan ninki huɗu, wani ɓangare saboda mata sun fi iya lulluɓe shi da kwaikwayo. Ya ce maimaita maganar da na yi tun ina ƙarama tana cikin abubuwan da Leo Kanner ya rubuta a 1943, lokacin da ya bayyana yara 11 da ya duba a Baltimore, har da yadda yaro zai ce "kai" yana nufin "ni". Kina son kunu. Ashe tun kafin a haifi Baba an rubuta ni a wata takarda.

Na yi kuka a adaidaita sahu har gida, kuma ban san ko na daɗi ba ne ko na takaici. Daga baya na karanta cewa Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka mai irin larurar, ta ce ita ma tara abubuwan da ta gani take yi a kanta kamar kasakasan bidiyo, tana kunna su don ta gane yadda mutane za su yi. Na ji sanyi. Wani masanin kuma a Ingila, Damian Milton, shi ma mai otizim, ya kawo wata magana a 2012 da ta sauke min kaya: rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake. Ban iya karanta Hajiya ba, gaskiya ne. Ita ma ba ta iya karanta ni ba. Ni kaɗai dai aka ce in koya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tambayar wace ce ni a cikin duk waɗannan matan da na ara. Dariyata ta wata ce, yadda nake cewa "Haba dai!" na wata ne. Na taɓa faɗa wa Goggo haka, ta ce, "Ke kuma, wa ya zo duniya da tasa? Ni tafiyar uwata nake yi." Ban yarda da ita gaba ɗaya ba, don ita ba ta kwana biyu a kwance bayan ta je biki, ni kuwa ina yi. Riƙe fuskar aro aiki ne, kamar ɗaukar tulu a ka daga safe har dare. Saboda haka na rage. Biki yanzu da hantsi nake zuwa, in gaida uwar amarya, in ba da gudummawata, in gudu kafin a kunna kiɗa. Masu kawo min ɗinki na gaya musu, "In bai yi miki ba ki faɗa min kai tsaye, ba na gane zagaye-zagaye." Wasu sun ji haushi sun tafi. Waɗanda suka zauna sun fi yawa, kuma wata ta ce a wajena kaɗai take jin gaskiyar ko atamfa ta karɓe ta.

Yaron ƙanwata yanzu yana makaranta. Uwarsa ta so ta hana shi katun gaba ɗaya, na ce kada ta hana, kada kuma ta miƙa masa waya ta tafi harkarta. Ni nake zama da shi, rimot a hannuna. In ya jefo wata magana ta katun ana zaune, ba na cewa ya yi shiru. Tuna wurin da aka faɗe ta nake yi, don a nan saƙon yake. Akwai wadda yake faɗa duk lokacin da ya tsorata, kuma a gidan ni na fara ganewa.

Goggo ta rasu, na dawo gaban Umma da kekena. Ana gobe sallar bara, ɗinki ya yi min yawa, har ƙarfe ɗaya na dare ina kai, tuwona ya huce a kwano. Umma ta ɗaga labule ta tsaya tana kallona.

"Ki kwana a kan keken, kin ji," ta ce. "Kada ki ci komai."

Ta saki labulen. Na ji takunta ya yi nisa, ya tsaya, ya dawo. Ta sake leƙowa, tana kallon gefe kamar yadda ta saba yi da ni.

"Gatse ne. Tashi ki ci abinci."

Tun a karon farko na gane. Ban faɗa mata ba, na ce, "To, Umma," na jawo kwanon.